Tikitin jirgin Kano zuwa Maradi: aljihun wa zai ɗauki nauyin dogo?

Tun ranar 9 ga Fabrairun 2021 da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maradi, tambayar da ke bakin 'yan kasuwa da matafiya ita ce yaushe jirgi zai iso. Wadda ta fi ta nauyi ba a cika yin ta ba: in ya iso, nawa za a shiga, kuma wa zai cike giɓin da kuɗin tikiti ya bari? Layin yana da tsawon kilomita 284, ya taso daga Kano ya bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya tsallako iyaka. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ya karɓi kwangilar a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Wannan gardama ba a nan aka fara ta ba. A Ingila, inda aka haifi jirgin ƙasa, kusan kowace shekara sai an yi ta. An ƙara kuɗin tikitin da gwamnati ke ƙayyadewa da kashi 5.9 cikin ɗari a watan Maris na 2023, da 4.9 a 2024, da 4.6 a 2025. Daga 2004 zuwa 2013 kuwa ƙa'idar gwamnati ce cewa ƙarin kowace shekara zai iya zarce hauhawar farashi da kashi ɗaya, da niyyar a sauke wani ɓangare na nauyin daga kan mai biyan haraji a ɗora wa mai shiga jirgi. Jamus ta bi akasin haka: a watan Mayu na 2023 ta fito da tikitin wata na yuro 49 wanda ke shiga duk jiragen kusa da motocin cikin gari a faɗin ƙasar, gwamnatin tarayya da jihohi suna zuba yuro biliyan 3 a shekara don cike asarar. Duk da haka sai da ya koma yuro 58 a Janairun 2025. Masu kuɗi ke nan, kuma su ma ba su huta ba.

Abin da ke rikita maganar shi ne ana haɗa kuɗi iri uku a tukunya ɗaya ana kiran su "kuɗin jirgi". Akwai na shimfiɗa dogon, akwai na kula da shi, akwai kuma na tafiyar da jirgi a kansa yau da gobe. Kowanne da halinsa, kuma ba aljihu ɗaya ne zai iya ɗaukar su ba.

Mu fara da na gini, mu yi lissafin misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce an ranto dalar Amurka biliyan 2 da kuɗin ruwa kashi 5, za a biya cikin shekara 30. Biyan kowace shekara zai kama kusan dala miliyan 130. A ce kuma mutum miliyan ɗaya ke shiga jirgin a shekara, wato kamar 2,700 a rana, abin da zai cika jirage huɗu ko biyar masu kujeru 640. In fasinja kaɗai aka ɗora wa bashin, kowane tikiti zai ɗauki dala 130 tun kafin a zuba ko lita ɗaya ta gazuwal. In aka lissafa dala a kan sefa 600, jika 78 ke nan don zuwa Kano. Ba wanda zai biya. Miliyan ɗaya ɗin ma kyautata zato ne, domin a 'yan shekarun nan fasinjojin dukkan layukan Najeriya a haɗe suna kai-komo ne tsakanin miliyan 2 da miliyan 3 da ɗoriya a shekara. Saboda haka duk wanda ya ce kuɗin tikiti zai biya bashin gina dogo, ko dai bai yi lissafi ba ko kuma yana lallashin majalisa ne ta sa hannu.

Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ke kashe layin dogo a wannan yanki namu. Ka tsaya a bakin dogo ka duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ƙarfe biyu ne a jere, irin wanda ake sa wa manyan layuka na zamani mita ɗaya nasa na da nauyin kilo 60, wato tan 120 a kowace kilomita. Ƙarƙashinsu turakun kankare ne a kwance, tsakanin wannan da wancan kamar santimita 60, kusan 1,660 a kilomita guda, kuma kowanne da maɗaurai huɗu na ƙarfe da ke riƙe da dogon. Ƙarƙashin turakun kuma tsakuwa ce mai kaifi wadda aka fasa daga dutse, ba ta rafi mai sulɓi ba, don ƙwayoyinta su ciji juna su riƙe layin kada ya motsa, ruwan sama kuma ya tsiyaye ta tsakaninsu. Yanzu ka kawo iskar hunturu da rairayin ƙasar nan. Rairayi na cika ramukan tsakuwar, in damina ta zo ruwa ya rasa hanyar wucewa, sai ƙasan ta yi laushi, turaku su riƙa nutsewa suna tasowa duk sa'ad da tarago ya taka. Kwalbatin da yashi da shara suka toshe, ruwan dare ɗaya na watan Agusta ya isa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo ya bar ƙarfe a rataye; wanda ya ga yadda koramu ke cin bakin hanya a kewayen Gulbin Maradi ya san abin da ake faɗi. A watan Afrilu kuma ƙarfe na miƙewa da zafin rana, in tsakuwar gefe ta zaizaye ko an sace maɗaurai, sai ya lanƙwashe kamar maciji.

Maganin duk wannan aiki ne na kullum: masu sintiri a ƙafa, injin da ke ɗaga layi ya dandaƙe tsakuwa a ƙarƙashinsa, yashe kwalbatoci kafin ruwan farko, gyaran ƙafafun tarago a kan injin sassaƙa kafin su ci ƙarfen. Kuɗin nan ba ruwansu da yawan fasinja. Jirgi ɗaya ya wuce a rana ko ashirin, rairayi zai zo. Kuma su ne na farko da ake yankewa in kasafi ya yi ƙunci, domin shekara ta farko da ta biyu ba a ganin komai. Daga nan injiniya ya fara kafa alamar rage gudu, inda ake kilomita 100 a awa a koma 40, tafiyar awa uku ta zama ta shida, fasinja ya koma tasha, kuɗin shiga ya ragu, a ƙara yanke kuɗin gyara. Haka tsohon layin Legas zuwa Kano ya tsufa, haka na Dakar zuwa Bamako ya mutu.

Na uku, wato gazuwal, albashin direba da masu duba tikiti da masu tsaro, man juye da kayan gyaran kan jirgi, shi ne kaɗai za a iya cewa fasinja ya ɗauka ba tare da an yaudari kai ba. Amma nan ma akwai tarko. Jirgi ya tashi da mutum 600 ko da 300, abin da ya ci kusan ɗaya ne. A ce sawu ɗaya na cin jika 1,800. In ya cika da 600, kowa jika 3 ya faɗo masa. In 300 ne, jika 6. To hukumar da ta ga asara ta ce bari ta ƙara kuɗi, ta ɗaga tikiti daga jika 4 zuwa 5: in daga mutum 400 aka koma 300, dā tana karɓar 1,600, yanzu 1,500. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙarin kuɗi na kawo riba ne kawai inda matafiyi ba shi da wata mafita, kamar ma'aikacin da dole ya shiga Landan da safe. Tsakanin Maradi da Katsina kuwa mafita na nan birjik. Mai mota a tasha yana rage kuɗi da yamma don ya cike kujera, yana ɗaure wa mace buhunta a sama bayan ɗan ciniki, yana sauke mutum a bakin unguwarsa. Shi ne ke yanka wa jirgi farashi, ko hukuma ta so ko ta ƙi. Kuma a faɗi gaskiya, arhar motar ma akwai hannun gwamnati a ciki, domin ɗan kuɗin hanya da ake karɓa a shingaye bai kama ƙafar abin da aka kashe wajen shimfiɗa kwalta ba. Ba wanda ke cewa hanyar Maradi zuwa Yamai ta biya kanta, amma da an zo kan dogo sai a tuna da riba.

Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016, shi ne madubin da ya fi kusa da mu. An fara shi da tikiti mai arha ƙwarai, har ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya bayyana cewa ana kashe naira miliyan 56 a wata ana samun miliyan 16. A Yulin 2020, da aka dawo aiki bayan kullen korona da rage yawan masu zama, kujerar talaka ta koma naira 3,000. Bayan harin 28 ga Maris 2022 jirgin ya yi wata takwas a ajiye, da ya dawo a Disamba sai ta zama 3,600. A ido ƙari ne a kan ƙari. Amma bashin dala miliyan 500 na bankin Exim na Sin da aka gina layin da shi da dalar Amurka ake biya, kayan gyara ma da ita ake saye. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 2024. Wato tikitin 3,600 da ke daidai da kusan dala 8 ya koma ƙasa da dala 2 da rabi. Fasinja na kukan tsada, baitulmali na kukan asara, kuma dukansu gaskiya suke faɗi.

Wani darasin daga wannan layi: tikitin da aka karya kuɗinsa ƙasa da abin da mutane ke shirye su biya, alhali kujeru ba su isa ba, ba talaka ke morarsa ba. A shekarun da tsoron hanyar mota ya tura kowa tashar Rigasa a Kaduna da ta Idu a Abuja, 'yan cuwa-cuwa ne ke kwashe tikiti su sayar ninki biyu ko fiye a bayan taga. Rangwamen da mai biyan haraji ya yi ya zarce aljihun dillali. Wannan ne ya sa aka koma sayarwa ta intanet a farkon 2021, da suna da shaidar mai tafiya. Ya rage ɓarnar, bai kashe ta ba.

To mu juya ga mai biyan haraji, domin shi ma yana da hujja mai ƙarfi, kuma masu son jirgi kan yi saurin wuce ta. Manomi a Dakoro ko Mayahi wanda watakila har ya bar duniya ba zai taka tashar jirgi ba, yana biyan harajin kashi 19 cikin ɗari da ke lulluɓe cikin kuɗin kaya da yawa da yake saye. Da wane dalili za a ɗauki kuɗinsa a rage wa alhajin da zai je Kantin Kwari sarin atamfa a tarago mai sanyi? Jikar da aka zuba a rangwamen tikiti, jika ce da ba ta je ɗakin haihuwa ko rijiyar burtsatse ba. A ƙasar da kasafinta bai wadaci makaranta da asibiti ba, maganar jirgi kyauta irin ta Luksambag, wadda ta soke kuɗin shiga motoci da jirage a 2020, zance ne na wanda ya ƙoshi.

Amsar wannan hujja ita ce akwai amfanin da wanda bai shiga jirgi ba ke samu, sai dai mafi yawansa daga taragon kaya yake fitowa, ba daga na fasinja ba. Injiniyoyin hanya na da ƙa'idar da suka daɗe da gwadawa: in nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta na ninkawa kusan sau 16. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan irin wannan layi, amma kowa ya ga yadda kamyo ke fita daga Maradi da lodin wake ko aya ya san dokar na takarda ne a lokuta da dama. Jirgi ɗaya mai tarago 30, kowanne da tan 60, ya ɗauke tan 1,800, lodin kamyo 45 zuwa 60 ke nan da ba su taka hanya ba. Kwalta ta ƙara daɗewa, haɗari ya ragu, kuɗin dakon siminti da taki ya sauka, kuma wannan sauƙin na iya kaiwa har Dakoro. A kan wannan ne baitulmali ke da dalilin ɗaukar ƙarfe da tsakuwa. A kan sanyin taragon alhaji kuwa ba shi da shi, wannan mai shi ya biya cikakke har da ɗori, a yi amfani da ɗorin a sassauta wa kujerar baya.

Tsakanin tikiti da babban kasafi akwai wasu aljihunan. Faransa tun 1971 take karɓar wani kaso na albashi daga kamfanoni, yau waɗanda ke da ma'aikata 11 ko fiye, don sufurin birane. Dabara ce mai kyau inda yawancin aiki ke da rajista, a nan kuwa 'yan ƙalilan za ta kama. Kenya ta sa harajin kashi 1.5 a kan kayan da ake shigowa da su a 2013 don layin Mombasa zuwa Nairobi, kuma duk da haka a Janairun 2024 ta ɗaga kujerar talaka daga shilin 1,000 zuwa 1,500. Ta kuma gwada tilasta wa 'yan kasuwa ɗora kwantena a jirgi, abin da ya jawo rigima da masu manyan motoci har aka janye a 2022. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta Hong Kong, ko da a ƙaramin sikeli: filin da ke kewaye da tasha darajarsa na tashi ranar da aka kafa tashar. In hukuma ta riƙe shi ta gina rumbuna, shaguna da wurin lodin dabbobi ta ba da haya, kuɗin ya shiga asusun gyaran layi. In kuwa aka bari masu jin ƙishin-ƙishin suka saye shi tun ana awo, jama'a sun biya dogo, mutum biyar sun kwashe riba.

Kaya dai su ne uwar tafiyar. A Indiya ribar dakon kaya ce ke rufa wa fasinja asiri. Amma in aka miƙa layi ga ɗan kasuwa ba tare da an rubuta masa wajibcin ɗaukar mutane da kuɗin da za a biya shi a kai ba, zai bar fasinja ya mutu a hankali, kamar yadda aka gani a layin Abijan zuwa Wagadugu bayan an ba kamfanin Sitarail shi a 1995. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Kuma kaya ba sa zuwa sai layi ya kai inda suke son zuwa. Mu a Nijar mun ga haka da idonmu: dogon Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka yi bikinsa a Janairun 2016, bai haɗu da Paraku ba balle Kwatano, don haka bai taɓa yin jigila ta yau da kullum ba. Na Kano zuwa Maradi faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon layin Kano zuwa Legas kuwa 1,067, na Doso 1,000. Tarago ba ya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Sai an gama Kano zuwa Kaduna, an kuma haɗa Abuja da Ibadan, kwantena za ta taso daga bakin teku ta sauka a Maradi ba tare da an sauke an sake lodi ba. Kafin nan, kuɗin kaya zai kasance kaɗan, kuma matsin zai koma kan tikiti.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu. Najeriya ce ta ɗauki nauyin gina layin har cikin ƙasarmu, kuma can an sha sukar hakan, ana cewa don me za a ci bashi a kai dogo wata ƙasa. Wanda ya biya shi ke yanka farashi. Duk ranar da baitulmalin Abuja ya ji matsi, guntun da ke tsakanin Jibiya da Maradi ne mafi sauƙin rage wa sawu ko ƙara wa kuɗi, domin masu shigarsa ba su da ƙuri'a a can. An kuma rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. In aka sake rufe ta bayan jirgi ya fara aiki, a duk watannin da za ta yi a rufe, bashi na tafiya, rairayi na zuba, ba tikiti ko ɗaya.

Don haka abin da ya kamata hukumomin jihar Maradi da ƙungiyar 'yan kasuwa su matsa a kai tun yanzu yarjejeniya ce a rubuce tsakanin ƙasashen biyu, ba alƙawarin baki a wurin biki ba. A faɗi sawu nawa a rana za su iso Maradi, da wanda zai biya gyaran guntun da ke cikin Nijar, da asusun da kuɗin zai fito. A faɗi da wane kuɗi za a sayar da tikiti: sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa na yawo, in ba a sa ranar daidaita canji ba, ko dai kowa ya tsallaka ya saya da naira, ko 'yan canjin bakin tasha su zama su ne masu yanka farashi. A rubuta ƙa'idar ƙarin kuɗi, sau ɗaya a shekara, bisa farashin gazuwal da albashi, a buga lissafin kowa ya gani. Ƙarin kashi 8 da aka sani tun watanni uku kafin ya zo ya fi sauƙin haɗiya a kan shiru na shekara huɗu sannan a ninka dare ɗaya. In gwamnati na son rangwame ga ɗalibai ko masu zuwa asibiti, ta sa shi a kasafi da sunansa ta biya kamfanin kowane wata uku, kada ta ba da umarni kawai ta bar shi ya cike daga kuɗin tsakuwa.

Sai ƙananan abubuwa biyu da kan iya rusa duk lissafin sama. Na farko awon kaya. Yawancin masu bin wannan hanya ba da jakar hannu suke tafiya ba: mace ce da buhu biyu na riɗi a tafiya, da dilar yadi da katan ɗin robobi a dawowa. In aka ce kilo 20 ne kyauta, sauran a biya da tsada a wata taga dabam, ta koma tasha ita da ire-irenta, kuma su ne za su cika kujerun Talata da Laraba. Tarago guda na kaya a jikin kowane jirgin fasinja, da sikeli a fili da kuɗin kilo a rubuce a allo, ya fi kowane talla. Na biyu tsayuwar iyaka. In za a sauke mutum 600 a Jibiya a duba su ɗaya bayan ɗaya, a sake sauke su a ɓangaren Ɗan Isa don 'yan duwan da 'yan sanda, awa biyu sun tafi a tafiyar da gaba ɗayanta ba ta kai awa huɗu ba. Jami'an ƙasashen biyu su zauna a zaure ɗaya a tashar tashi, ko su shiga jirgin su yi bincikensu yana tafiya tsakanin Katsina da Maradi.